Masu bin Tao a ƙasar Sin da neman maganin mutuwa

A ƙasar Sin akwai wata tsohuwar aƙida da ake kira Tao, ma'anarta "hanya". Ana danganta asalinta da wani mai hikima, Laozi. Cikin abubuwan da mabiyanta suka daɗe suna nema har da tsawon rai, wasu ma suka ce rashin mutuwa gaba ɗaya.

Da farko a tukunya suka nema. Masu haɗa magani kan dafa ma'adinai a murhu kwana da kwanaki, musamman dalma da wani jan dutse mai ɗauke da zaiba, su mulmula ƙwaya su ba mai nema. To, dalma dai mun san ta, ita ce ta hallaka yara da yawa a ƙauyukan Zamfara a 2010, zaiba kuwa guba ce ita ma. A zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, sarakuna da dama sun rasa rayukansu bayan shan irin wannan haɗi, cikinsu har da Wuzong a 846. Maganin mutuwa ya zamo ajali ke nan.

Sannu a hankali sai hankali ya fi karkata ga wata hanya, neidan, wato haɗin cikin jiki. Nan mutum shi ne murhun, shi ne tukunyar. Kayan haɗin uku ne a wurinsu. Akwai jing, tushen ƙarfin da mutum ke gadowa daga iyayensa, suna alaƙanta shi da ƙoda da maniyyi, suna ganin yana ƙarewa kamar man fitila in an yi ɓarna da shi. Shi ya sa suke matsawa kan kame sha'awa. Akwai qi (ana furta shi "ci", amma ba ruwansa da tuwo), numfashi da ƙarfin da ke kewaya jiki. Sai shen, ruhi da hankali. Mai aikin kan zauna shiru, ya sassauta numfashi, ya tattara hankalinsa ƙasan cibiya, wurin da suke kira dantian. Burinsa jing ya koma qi, qi ya koma shen. Zhang Boduan ne ya rubuta ɗaya daga manyan littattafan wannan fanni wajen 1075.

Mu dai labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na 1222. Jengis Han, sarkin Mongol, ya sa aka kawo masa dattijon malamin Tao, Qiu Chuji, daga gabashin Sin har sansaninsa a yankin Afganistan ta yau, ya tambaye shi maganin mutuwa. Tsohon bai yi masa rufa-rufa ba, ya shaida masa akwai hanyoyin kiyaye lafiya, amma babu maganin da ke hana mutuwa. Sarkin bai yi hushi ba, ya ma yafe wa mabiyan malamin haraji. Qiu Chuji ya rasu a 1227, shekara guda da Jengis Han, kuma ɗariƙarsa ta Quanzhen tana nan har yau, da babban wurin ibadarta a birnin Beijing.