Amsa tambayar dalilin barin aiki a ganawar neman sabon aiki

Ɗaya daga cikin tambayoyin da aka fi yi wa mai neman aiki a lokacin ganawa, wato intabiyu, ita ce dalilin da ya sa yake son barin inda yake aiki yanzu.

Masu ɗaukar ma'aikata kan yi tambayar ce domin su gane ko mutumin zai daɗe tare da su, su kuma ji yadda yake magana a kan mutanen da ba sa wurin.

Saboda haka kushe shugaban wurin aiki ko tona asirin kamfani kan jawo wa mai neman aikin asara, ko da kuwa gaskiya yake faɗa. Mai sauraro zai ɗauka cewa gobe shi ma haka za a yi da shi a bayan idonsa.

Amsar da ta fi karɓuwa ita ce gajeriya, wadda ta karkata ga sabon aikin: neman ƙarin ƙwarewa, ko rashin damar ƙarin girma a inda ake, ko komawa kusa da iyali. Ana iya ambaton albashi, musamman idan an yi watanni ba a biya ba, to amma idan shi kaɗai ne dalilin, za a ga cewa duk wanda ya ƙara kuɗi zai janye mutumin.

Wanda aka sallama

Wanda rage ma'aikata ya shafa ya fi kyau ya faɗi hakan kai tsaye, domin kamfanoni da dama kan tuntuɓi tsohon wurin aiki. Ba abin kunya ba ne. Alal misali, haɗewar bankunan Najeriya a shekarar 2005, wadda ta rage yawansu daga 89 zuwa 25, ta raba ma'aikata masu yawa da ayyukansu ba tare da sun yi wani laifi ba.

Wa'adin sanarwa

Galibi akan biyo da tambayar ranar da mutum zai iya fara aiki. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tanadi sanarwar mako ɗaya ga wanda ya haura watanni 3 bai kai shekaru 2 ba, mako biyu daga shekaru 2 zuwa 5, sai wata ɗaya ga wanda ya kai shekaru 5. To sai dai dokar ba ta shafi manyan jami'ai da ƙwararru ba, waɗanda takardar yarjejeniyar aikinsu ce ke fayyace wa'adin.