Allurar 'yan Sin da murar da ta ƙi tafiya: abin da ya kamata ka sani kafin ka miƙa fuskarka

Duk shekara da hunturu ya kama, ni da atishawa ne. Ina taya mahaifina aiki a karar shanu ta Dei-Dei da ke Abuja, ga ƙura ga dusa ga harawa. Da asuba sai na jera atishawa goma, hanci na zubar ruwa, ido na ƙaiƙayi, amma babu zazzaɓi. Likita ya ce ba mura ba ce, aleji ne. Wato jiki ne yake ɗaukar ƙura ko gashin dabba tamkar abokin gaba, sai ya saki sinadarin histamin, cikin hanci ya kumbura. Ku da ke Legas da Fatakwal da Sabon Ibadan, naku ya fi zuwa daga danshi da fumfuna da kyankyasai.

Wani abokina ne ya ce in gwada allurar 'yan Sin, wadda ake kira akufanca. Kafin in yarda sai da na bincika.

Mece ce ita?

Tsohon magani ne na ƙasar Sin, sama da shekara 2,000, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da aka gada a 2010. Ba irin allurar kemis ba ce, babu ruwan magani a cikinta. Siriri ce kamar gashi. Ana soka ta a wasu gurabe a bar ta kamar minti 20 zuwa 30. Ga mai ciwon hanci an fi taɓa gefen ƙofofin hanci biyu, da tsakanin gira, da tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Ta bambanta da ƙahon wanzamanmu, don ita ba a fid da jini.

Tana aiki?

A 2013 likitocin asibitin Charité da ke Balin a Jamus sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 422. Waɗanda aka yi wa allurar sau 12 cikin mako 8 sun ɗan fi samun sauƙi, sun kuma rage shan ƙwaya. Sai dai bayan wata biyu da dainawa, bambancin ya gushe. A 2015 ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta ce za a iya gwada ta ga wanda ba ya son dogaro da ƙwaya. A taƙaice, sassauci take kawowa, ba ta raba mutum da aleji. Duk wanda ya ce maka zama ɗaya zai cire ciwon daga tushe, kuɗinka yake so.

Inda haɗarin yake

Allurar da aka soka wa wani aka soka maka tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Garin neman gira kada a rasa ido. Don haka:

A ɓare sabuwar allura a gabanka, a yar da ita bayan an gama.

Ka nemi ganin takardar rajistar mai yin. Hukumar MDCN mai kula da likitoci ita ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya.

Mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, su faɗa tun kafin a fara.

Idan numfashi na sarƙewa ko ƙirji na kuka, wannan maganar asma ce, asibiti za a nufa.

Abin da za ka fara da shi

Wanke hanci da ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, sa takunkumi a wurin ƙura, shanya katifa a rana. Cetirizine da loratadine ba su cika sa barci kamar Piriton ba, direbobi da 'yan acaɓa sai a kula. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take kuwa, kada a wuce mako guda ana sa shi, in ba haka ba toshewar dawowa take yi fiye da da.

Ni dai takunkumi da ruwan gishiri na riƙe, kuɗin zama 12 na ƙara su a jarin tumaki. Wanda ya gwada waɗannan bai ga sauƙi ba, ya tuntuɓi likitansa a kan allurar. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.