Rumbun da Ba a Gina Ba

Duk wanda ya san Manga da sauran garuruwan Lelna na ƙasar Zuru, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, zai ce manoma ne, kuma bai yi ƙarya ba. Mutanen da saurayinsu ke yin golmo, ya shafe shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, ai noma a jininsu yake. Sai dai kuskure ne a ɗauka farauta da ɗiban 'ya'yan itace sun ƙare tun ranar da aka fara riƙe fartanya. Gona da daji raba shekara suka yi.

Dubi gonar kanta. Manomi zai yi sassabe ya ƙone, amma ya bar ɗorawa da kaɗanya da kuka tsaye a tsakiyar hatsinsa. Mata ke fita da sassafe tsintar kaɗe a farkon damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, su kuma dafa kalwa su yi daddawa. Da an kai amfani gida, hunturu ya busar da ciyawa, sai maza su rataya kwari, karnuka a gaba. Farautar taron dangi kuwa ba ta yiwuwa sai da tsari: a san mai kora, a san mai tarewa, a san wanda nama zai zama nasa. Don haka ma Hausawa suka yi sarautar Sarkin Baka.

Wani zai ce mafarauta na ainihi su ne irin Hadza na gefen tafkin Eyasi a Tanzaniya, waɗanda ba su da sarki, ba su da rumbu, sai zango da rabon abin da aka samo. Na yarda akwai bambanci, domin mai rumbu yana tarawa, yana barin gado. Amma dalilin rabon nama ɗaya ne ko'ina: ɗanyen nama ba ya jira, sa'a kuma ba kullum take zuwa ba. Wanda ya miƙa wa maƙwabci cinya yau, ajiya ya yi don ranar da zai dawo hannu rabbana.

Yanzu 'yan bindiga sun hana shiga dazukan Danko-Wasagu da Sakaba, masu gawayi kuma na kayar da kaɗanya. Ya kamata Masarautar Zuru ta sa a rubuta dokokin farauta daga bakin tsofaffin maharba tun suna da rai.