Sana'ar Ɗori a Kafanchan da Kudancin Kaduna

Ɗori, wato mayar da karyayyen ƙashi mazauninsa da ɗaure shi har ya haɗe, yana cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar da ake kira Kudancin Kaduna a yau, sai dai farkon tarihinsa ba ya ganuwa a ƙasa. A yankin Nok da ke ƙasar Ham, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a shekarar 1928, ƙasar tana da tsamin da ke narkar da ƙashi, shi ya sa masu binciken kufai suka sami siffar jikin mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, amma ba su sami ƙasusuwansu ba, balle a ga tabon karayar da aka ɗora. Abin da ya rage na tarihin sana'ar yana hannun gidajen da suka gaje ta, a tsakanin Bajju da Atyap da Agworok da Fantswam, da kuma Hausawa da Fulanin masarautar Jama'a, waɗanda a wajensu babban maɗori kan riƙe sarautar Sarkin Ɗori.

Ilimin maɗori na yatsu ne. Bai ƙirga ƙasusuwa 206 da likitoci ke lissafawa a jikin baligi ba, amma fiɗar dabba da shafa gaɓoɓin mutane sun sanar da shi cewa ƙwauri ƙashi biyu ne a jere, cinya kuwa ɗaya ne, kuma ya raba karaya da tsagewa, ya raba targaɗe, wanda rauni ne na jijiyoyin da suka riƙe gaɓa, da gocewa, inda kan ƙashi ke barin gurbinsa ɗungum. Idan an kawo mai rauni, mataimaka kan danne shi, maɗori ya ja gaɓar yana lalube har bakin ƙashi ya sadu da ɗan'uwansa, sannan ya shafa man kaɗe ko man shanu, ya jera karan ɗori, ya naɗe da tsumma. A ƙasar Hausa karan dawa ake tsagawa, a nan kudu kuwa, inda damina ke da tsawo, gora da gwangwala sun fi samuwa kuma sun fi ƙarko. Wasu gidajen kan haɗa da tofi, wasu kuma su karya ƙafar kaza su ɗora ta tare da ta majiyyaci, a riƙa auna sauƙinsa da takunta.

Dalilin nasarar wannan aiki shi ne ƙashi abu ne mai rai wanda ke gyara kansa: jini yakan daskare a bakin karaya, ya zama wani danƙo mai kama da guringuntsi, wanda a hankali yake taurara ya koma ƙashi, cikin kimanin mako shida a hannun babba, da wata uku ko fiye a cinya. Babban abin da ƙashi ke buƙata shi ne a daidaita shi a hana shi motsi, kuma wannan maɗora sun gane shi tun kafin a san asibiti a ƙasar.

Zuwan jirgin ƙasa ne ya sauya al'amarin. A shekarar 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos, garin ya cika da ma'aikata daga sassan Nijeriya, aikin asibiti ya kafu, daga baya kuma aka sami hoton ƙashi, wanda Röntgen ya gano haskensa a Jamus a 1895, da farin ɗaurin da jama'a ke kira siminti. Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a Kano a 1959 ya zama wurin da ake tura manyan raunuka daga faɗin Arewa, amma nisa da tsada da tsoron yanke ƙafa sun sa mutane da yawa ba su rabu da zauren maɗori ba.

Abin da ya fi sauyawa shi ne irin karayar kanta. Sana'ar ta ginu ne a kan faɗowa daga ɗorawa ko giginya da raunin kokawa da farauta, alhali haɗarin mota da babur a hanyoyin Kagoro da Kwoi da Zonkwa yana farfasa ƙashi, ya huda fata, ko ya ratsa cikin gaɓa, inda yatsa ba ya iya gane abin da ya faru. A nan ne kuma aibin sana'ar yake fitowa, domin gaɓar da ta karye takan kumbura a kwanakin farko, idan kuma ɗaurin ya matse sai jini ya yanke, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, nama ya fara ruɓewa. Abin takaici ne ƙwarai cewa yaron da karayar hannunsa za ta warke cikin wata guda yakan isa asibiti bayan kwanaki a ɗaure, lokacin da ba abin da ya rage wa likita sai yankewar da iyayensa suka guje wa tun farko.