Kafin Ka Ba 'Yan Gwangwan Tsohuwar Kyamarar Gidanku

Idan a Makarfi, Ikara ko Kudan ka tashi, ka san mai hoto na da, wanda ke zagaya gidajen biki da Yashica ko Pentax rataye a wuya. Kafin ya danna, sai ya kafa ido ya yi ta murza zoben gilashin har fuska ta fito tangaran, sannan a kai fim birni a wanke. To, wannan gilashin da ake saitawa da hannu ya dawo kasuwa, kuma yana da kyau ka san dalili.

A 1985 kamfanin Minolta na Japan ya fitar da kyamarar 7000 mai saita kanta, ta kuma karɓu sosai. A 1987 Canon ya biyo da EOS, ya sauya bakin da ake ɗaura gilashi, tsofaffin gilasansa na FD suka daina shiga. Daga nan dijital ta zo, wayar hannu ta ƙarasa aikin, har Kodak ya durƙushe a 2012. Kayan masu hoto suka koma ƙarƙashin gado.

Me ya dawo da su? Tazara ce kawai. Kowane gilashi an ƙera shi ne ya zauna a wani nisa takamaimai daga fim. Tsofaffin kyamarori na da madubi a ciki, dole a bar masa wuri, shi ya sa tazarar gilasan M42 ta kai kusan milimita 45.5. Na FD 42 ce, na EOS kuwa 44, ka ga ba yadda za a yi tsohon ya matso inda ya kamata.

A 2008 Panasonic ya fitar da G1 marar madubi, Sony ya kawo a7 a 2013 da tazarar milimita 18 kacal. Sai fili ya samu. Adafta ta M42 zobe ne na ƙarfe, babu komai cikinsa, aikinsa ya cike milimita 27.5 ɗin da suka rage. Shi ke nan, gilashin da ya girme ka ya hau kyamarar bana.

Ba araha kaɗai ke jan mutane ba. Masu shirya fim sun fi son su saita da hannu, domin su ke zaɓar fuskar da za ta fito da wadda za ta dushe, ba na'ura ba. Dubi Helios 44 mai milimita 58, wanda Tarayyar Sobiyet ta kwaikwaya daga Biotar na Carl Zeiss ta buga miliyoyi. Yana sa bayan hoto ya yi kamar yana juyawa. Da aibi ake ɗaukar wannan, amma an yi aiki da irinsa a fim ɗin Dune kashi na biyu a 2024. Matashin da ke ɗaukar bidiyon biki a Zariya ko Kano, wanda sabon gilashi ya fi ƙarfin aljihunsa, ai nan ya samu mafita.

In ka samu ɗaya, haska tocila ta cikinsa. Ƙurar hunturu kaɗan ba ta ɓata hoto. Abin tsoro shi ne funfunar damina, mai kama da yanar gizo-gizo, don tana cin fuskar gilashin. Ajiye shi inda babu laima. In ka ga Takumar ya yi ruwan ɗorawa, sinadarin toriyom ne a cikinsa: hasken rana na makonni na rage launin, amma kada ka fasa shi ko ka kankare.

Kuma duba ƙasan akwatin da kyau. In akwai tsofaffin fina-finan da aka wanke, kada ka zubar. Ana iya mayar da su dijital, kuma watakila nan kaɗai fuskar kakanka ta rage.