Ɗaliban da suka riƙe numfashin mutane da hannu

1/ Bara kawuna a Barkiya ƙafafunsa suka yi nauyi. Bayan wata uku abin ya hau hannu. Daga baya in ya kwanta rigingine sai numfashi ya gagara, a zaune yake barci. Wasu suka ce asma ce, wasu suka ce iska. Ku biyo ni 🧵

2/ Likita ya ce huhunsa lafiya lau. Garkuwar jikinsa ce ke cin rigar jijiyoyinsa a hankali, har ta taɓa jijiyar da ke motsa tantanin da ke ƙasan huhu. Kamar zugazugin maƙera ne: fatar ba ta huje ba, mai zugar ne ya gaji.

3/ Na shiga bincike, sai na tarar shan inna ce ta koya wa duniya yadda ake ceton irinsu. A 1928 Philip Drinker da Louis Shaw suka ƙera "huhun ƙarfe" a Amurka, akwatin da ake saka mutum ciki, kansa kaɗai a waje.

4/ A 1952 annobar shan inna ta faɗa wa birnin Copenhagen na Denmark. Asibitin Blegdam huhun ƙarfe ɗaya tal yake da shi. Cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya shanye, 27 suka rasu.

5/ Sai likita Bjørn Ibsen ya kawo shawara: a huda maƙogwaro, a sa bututu, a riƙa matsa jakar roba tana tura iska. Ranar 27 ga Agusta aka gwada a kan yarinya 'yar shekara 12. Ta rayu.

6/ Su wa za su matsa jakar dare da rana? Ɗalibai irinmu, fiye da dubu, suna karɓa-karɓa. Mace-mace suka ragu da fiye da rabi. A 1953 Ibsen ya buɗe sashen kulawa ta musamman, ICU ɗin da muka sani yau.

7/ A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, amma sauran cututtukan jijiya suna nan. Kawu yana karɓar magani, yanzu yana kwanciya, alhamdulillah.

8/ Don Allah, in raunin gaɓoɓi ya haɗu da haki a kwance, ciwon kai da asuba ko tari marar ƙarfi, kar a tsaya kemis. A yi asibiti ranar.