Sule Biyar ɗin da Ta Girgiza Jami'o'in Najeriya a 1978

Kobo 50 ne kacal, abin da mutanen kasuwa ke kira sule biyar. A farkon 1978 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda Dakta Jibril Aminu ke babban sakatarenta a lokacin, ta sanar cewa kuɗin abincin ɗalibi na yini zai tashi daga naira 1 da kobo 50 zuwa naira 2. Ɗalibin wancan zamani tikiti yake riƙewa ya bi layi a ɗakin cin abinci, safe da rana da dare, a zuba masa a faranti. Wanda ubansa manomi ne a ƙauye, wannan tikitin shi ne jarinsa.

Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo tana da hujjarta. Kuɗin mai da ya yi ambaliya bayan 1973 ya fara janyewa, ga sababbin jami'o'i bakwai da aka kafa a 1975, cikinsu har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos, kowace na jiran kasonta. Sai dai jama'a ba su manta da irin dukiyar da aka narkar a bikin FESTAC na Legas a 1977 ba. Wanda ya ga an yi wadaƙa jiya, da wuya ya yarda in an ce masa yau tukunya babu komai.

Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo na Jami'ar Legas, ta nemi a janye ƙarin, aka ƙi. Ranar 17 ga Afrilu ɗalibai suka ƙaurace wa azuzuwa. Kashegari 'yan sanda suka harbi Akintunde Ojo, ɗalibi a Jami'ar Legas da ke Akoka, ya rasu. Kafin mako ya ƙare wutar ta iso Samaru a Zariya, inda sojoji suka buɗe wa ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello wuta, aka rasa rayuka. Daga nan magana ta bar batun abinci. Taken da ke bakin kowa shi ne "Ali Must Go", wato dole Kanal Ahmadu Ali, Kwamishinan Ilimi na Tarayya, ya sauka, duk da cewa shi ya ce ƙarin daga Majalisar Ƙoli ta Soja ya fito, ba daga ma'aikatarsa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne lokacin da abin ya faru. A cikin wannan watan na Afrilu ne wakilai Musulmi da dama suka fice daga Majalisar Tsara Tsarin Mulki a Legas saboda taƙaddamar kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a. Manya sun rabu gida biyu, jaridu na ta hura wuta. Amma jinin da ya zuba a Akoka, a Zariya aka yi kukansa. Direban tasi da mai sayar da tumatir, waɗanda ba su taɓa taka harabar jami'a ba, su ma suka ɗauki taken, don tsadar rayuwa ta ishe su, kuma shekara 12 ke nan soja na mulki. An haramta jam'iyyu tun 1966, saboda haka ɗalibai ne kusan kaɗai ke da ƙungiya mai reshe a kowane lungu da za ta iya faɗin abin da ke cikin zukatan mutane.

Gwamnati ta sa ƙarfi. Ta rufe jami'o'i, ta haramta NUNS, aka kori Okeowo daga makaranta, Gani Fawehinmi ya tsaya masa a matsayin lauya. Bayan binciken kwamitin Mai Shari'a Uthman Mohammed, an sallami malamai masu ra'ayin gurguzu irin su Ola Oni da Bade Onimode na Ibadan. Farfesa Ade Ajayi na Legas da Farfesa Iya Abubakar na Zariya, dukansu biyu sun bar kujerar shugabancin jami'a. A watan Satumba aka ɗage haramcin siyasa, a 1980 kuma ɗalibai suka dawo da sabon suna, NANS.

Shi kuwa Ahmadu Ali, a 2005 ya zama shugaban jam'iyyar PDP na ƙasa, lokacin da Obasanjo ke zaune a fadar Aso Rock cikin babbar riga.